GYARAN HOTO DA TSARA ZAYYANA A KAN NA'URA: DARASI GA MASU SHA'AWA

Gabatarwa

An shirya wannan darasi ne domin jama'ar ƙasar nan masu karanta Hausa, maza da mata, waɗanda suke sha'awar gyaran hoto da tsara zane a kan kwamfuta ko wayar hannu a lokacin hutunsu. Tun daga shekarar 2001 da aka soma amfani da wayar salula ta GSM a Nijeriya, abin ɗaukar hoto ya yi ta yaɗuwa har ya shiga aljihun ɗalibi da ɗan kasuwa da manomi. Tare da shi kuma manhajojin gyaran hoto suka shigo, watau shirye-shiryen da ake ɗora wa na'ura don ta iya ƙara wa hoto haske, ko ta share tabo, ko ta haɗa rubutu da zane.

Wannan aiki abin nishaɗi ne mai amfani, yana kuma iya zama sana'a. Amma wanda ya iya shi ya ɗauki amana, domin hannun da ya iya share tabo daga hoto ya iya share mutum ma daga cikinsa. Saboda haka darasin zai koyar da aikin, ya kuma nuna iyakar da gyara yake tsayawa. An ɗauki misalai daga Azare da Katagum a Jihar Bauchi, amma abin da aka faɗa ya shafi kowane gari.

1. Me ya sa hoto yake da daraja?

A watan Janairu na shekarar 1824 wasu Turawan Birtaniya biyu, Kyaftin Hugh Clapperton da Likita Walter Oudney, suka iso Katagum daga Barno. A lokacin Sarki Ɗankauwa ne yake kan gadon sarautar da Malam Zaki ya kafa bayan ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Oudney ya rasu a Murmur, ba da nisa da Katagum ba, shi kuwa Clapperton ya wuce Kano da Sakkwato. A cikin labarin tafiyarsa ya bayyana Katagum da cewa gari ne mai ƙarfi, kewaye da ganuwa biyu ta jan yumɓu da ramuka uku.

To, amma ba mu da hoton wannan ganuwa ko ɗaya daga wancan zamani, domin kuwa ba a riga an sami hanyar kama sura a ajiye ta ba. Sai a shekarar 1839 aka bayyana wa duniya dabarar ɗaukar hoto ta Louis Daguerre a ƙasar Faransa. Abin da ya rage mana game da Katagum ta 1824 shi ne rubutu da abin da aka ji daga bakin magabata.

Turawan mulki sun shigo ƙasar Katagum a 1903, aka kuma mayar da fadar masarautar zuwa Azare a 1916. Daga baya sannu a hankali hoto ya shiga rayuwar jama'a. Ma'aikacin En'e ya ɗauka don takardun aiki, 'yan makaranta suka jeru da malaminsu, maniyyaci ya ɗauka don fasfo, ango da abokansa suka tsaya gaban mai hoto. Irin waɗannan hotuna suna nan a gidaje da yawa, wasu a ƙasan akwati, wasu a cikin tsofaffin littattafai, wasu a jikin bango inda rana take dukansu. Gara tana ci, laimar damina tana manne su, ƙurar hunturu tana goge fuskarsu. Hausawa suka ce gani ya kori ji. Duk hoton da ya lalace, jikokinmu sun koma ga ji ke nan a wurin da za su iya gani.

Wannan shi ne babban dalilin da ya sa ya kamata mai sha'awar gyaran hoto ya soma da hotunan gidansu.

2. Yadda na'ura take ganin hoto

Kafin mutum ya taɓa kowace manhaja, wajibi ne ya fahimci abin da yake gyarawa. A wurin na'ura, hoto taron ɗigo-ɗigo ne ƙanana masu kusurwa huɗu, an jera su sahu-sahu kamar zaren saƙa. Kowane ɗigo ana kiransa fiksil. Hoto na farko da aka shigar cikin kwamfuta ta wannan hanya, a shekarar 1957 a Amurka, hoton jaririn wani masani ne mai suna Russell Kirsch, kuma ɗigo 176 ne a tsaye, 176 a kwance. A 1975 wani injiniyan kamfanin Kodak, Steven Sasson, ya haɗa kyamara ta farko mai ajiye hoto ba tare da fim ba.

Kowane ɗigo a fuskar na'ura yana samun launinsa ne daga haɗuwar haske iri uku: ja da kore da shuɗi. A yawancin hotuna kowane ɗaya daga cikin ukun yana da matakai 256, daga sifiri zuwa 255. In duka ukun suna sifiri, ɗigon baƙi ne; in duka sun kai 255, fari ne. Haɗa su yana ba da launi fiye da miliyan 16. Gyaran hoto, a taƙaice, sauya waɗannan lambobi ne.

Yawan ɗigo shi ne yake nuna girman da za a iya wanke hoto ba tare da ya dushe ba. Masu ɗab'i sukan nemi ɗigo 300 a kowane inci ga abin da za a riƙe a hannu a duba. Alal misali, hoto mai inci 4 da inci 6 yana bukatar ɗigo 1,200 da 1,800. Wayar da take ɗaukar ɗigo 4,000 da 3,000, watau miliyan 12, hotonta zai fita da kyau har zuwa wajen inci 13 da inci 10. Babban allon talla da ake kallo daga nesa bai bukatar wannan yawa a kowane inci.

Akwai kuma wani nau'in zane wanda ba da ɗigo ake gina shi ba. Shi na'ura tana riƙe shi ne da lissafin layi da lanƙwasa, saboda haka ana iya faɗaɗa shi daga girman kan sarki zuwa girman bangon ɗaki bai dushe ba. Da irinsa ake yin tambarin ƙungiya da hatimi da manyan haruffa. A cikin wannan darasi za mu kira na farkon hoton ɗigo, na biyun kuma zanen layi.

3. Kayan aiki

Manhajar da ta fi suna ita ce Photoshop, wadda wasu 'yan'uwa biyu, Thomas Knoll da John Knoll, suka ƙirƙira, kamfanin Adobe ya fitar da ita kasuwa a 1990. Biyan kuɗinta ake yi lokaci-lokaci. Akwai CorelDRAW, wadda ta fito daga Kanada a 1989, kuma masu buga katin biki da fosta a garuruwanmu sun saba da ita ƙwarai.

Wanda ba shi da kuɗin saye kada ya karaya, kada kuma ya nemi kwafin sata, domin sau da yawa irin wannan kwafi yakan zo da cutar da take lalata kwamfuta, ban da cewa doka ta hana. Akwai GIMP, wadda ɗalibai biyu na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, Spencer Kimball da Peter Mattis, suka soma a 1995. Kyauta ce, kuma ta isa duk aikin da za a bayyana a nan. Don zanen layi akwai Inkscape, ita ma kyauta. Mai wayar hannu yana iya amfani da Snapseed wajen gyaran haske da share ƙananan tabo, da Canva, wadda aka buɗe a Ostareliya a 2013, wajen tsara kati da sanarwa.

Yawancin waɗannan manhajoji da Turanci aka rubuta umurninsu, amma kowane makami yana da alamar da ake gane shi da ita: buroshi don fenti, hatimi don kwafar wani wuri a manna a wani, filasta don warkar da tabo, gilashin ƙara girma don matso da hoto kusa. Shawara ita ce mai koyo ya zaɓi manhaja ɗaya ya daɗe a kanta har hannunsa ya faɗa, maimakon ya yi ta tsalle daga wannan zuwa waccan.

Abu ɗaya da ya kamata a fahimta tun farko shi ne aiki da falle. A ɗauka an ajiye hoto a kan tebur, an shimfiɗa farar leda mai nuna ciki a kansa, an yi rubutu a kan ledar. Rubutun yana bayyana kamar a kan hoton yake, amma in an ɗaga ledar hoton yana nan yadda yake. Haka falle yake a cikin manhaja. Gwani yakan yi kowane gyara a kan fallensa daban, don in ya yi kuskure ya jefar da wannan falle kaɗai.

4. Aiki na farko: ceto tsohon hoto

A ɗauka wata ɗaliba a Azare ta sami hoton kakanta a cikin akwatin mahaifiyarta. Hoton fari da baƙi ne, ya koma ruwan ƙasa, ya karye a tsakiya, gara kuma ta ci kusurwa ɗaya. Ga matakan da za ta bi.

Na ɗaya, ta nemi izinin mai hoton, ta wanke hannu ta busar, ta kama hoton ta gefe. Kada ta goge shi da ruwa, kada ta manna masa salatif, kada kuma ta kai shi a like shi cikin leda da zafi, domin abin da aka like haka ba ya fitowa lafiya.

Na biyu, ta shigar da shi cikin na'ura. In akwai sikana a shagon kwamfuta, ta nemi a ɗauke shi da ɗigo 600 a kowane inci, musamman in ƙarami ne, kuma a ɗauka da launi ko da fari da baƙi ne, don hakan yana taimakawa wajen raba tabo da ainihin hoto. In babu sikana, ta shimfiɗa shi a inuwa mai haske, kamar bakin zaure da hantsi, ta kashe fitilar wayar, ta riƙe wayar daidai saman hoton ba a karkace ba. Ta ɗauki bayan hoton ma, domin sau da yawa a nan ake samun hatimin mai hoto ko kwanan wata.

Na uku, kuma wannan shi ne mafi muhimmanci, ta ajiye wannan kwafi na asali a wuri na musamman, kada ta taɓa shi har abada. A kan kwafi na biyu za ta yi aiki.

Na huɗu, ta daidaita hoton in ya karkace, ta datse gefen da ba na hoton ba.

Na biyar, ta gyara haske. Tsohon hoto yakan dushe ne saboda baƙinsa ya daina zama baƙi, farinsa ya daina zama fari. Manhajoji suna da ma'auni mai kama da tudu, da 'yan alamu uku a ƙarƙashinsa: na baƙi a hagu, na fari a dama, na tsaka-tsaki a tsakiya. In ta matso da na hagu da na dama zuwa gindin tudun, za ta ga hoton ya farfaɗo.

Na shida, ta matso da hoton kusa, ta buɗe sabon falle, ta bi karayar da makamin filasta ko na hatimi, tana ɗaukar launi daga wuri mai lafiya da ke kusa. Ta yi amfani da ƙaramin baki, ta tafi a hankali. Bango da tufafi suna da sauƙin gyara. Fuska kuwa ta yi hattara da ita ƙwarai. In gara ta cinye rabin fuska, ya fi kyau a bar gurbin da a ƙago wa mamaci kamannin da ba nasa ba.

Na bakwai, ta ajiye aikin iri biyu: ɗaya a fayil ɗin manhajar kanta, mai riƙe falle-falle, ɗaya kuma a JPEG don rabawa da wankewa. A sani cewa JPEG yana rage wani abu daga ingancin hoto duk lokacin da aka gyara aka sake ajiye shi, don haka ba a maimaita gyara a kansa. Haka kuma WhatsApp yakan matse hoto. In ana so ya isa da ingancinsa, sai a aika shi a matsayin fayil.

Na takwas, ta zauna da tsofaffin gidan ta tambaye su: wane ne wannan, a ina aka ɗauka, wace shekara? Ta rubuta amsar a sunan fayil da kuma cikin littafi. In sun manta shekarar, tarihin ƙasa yana taimakawa. In an ce zamanin Sarkin Katagum Umaru Faruku na ɗaya ne, to tsakanin 1947 da 1980 ke nan. In zamanin Sarki Muhammadu Kabir Umar ne, tsakanin 1980 da 2017. In hatimin bayan hoton ya ambaci Jihar Arewa maso Gabas, tsakanin 1967 da 1976 ne, domin a 1976 aka ƙirƙiro Jihar Bauchi. In an rubuta farashi da sule da fam, to kafin Janairun 1973 ne, lokacin da naira ta fito. Hoton da ba a san mai shi ba ya yi rabin ɓata.

Daga ƙarshe ta ajiye kwafi a wurare uku: a kwamfuta ko waya, a filash ko memori, da kuma wurin wani ɗan'uwa a wani gari ko a ma'ajiyar intanet. Hoton da ya shafi tarihin jama'a, kamar na sarakuna da makarantu da kasuwanni, yana da kyau a sanar da masu adana tarihi, irin su Gidan Arewa da ke Kaduna, wanda aka kafa a 1970, ko Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke can.

5. Aiki na biyu: hoton yau

Wanda ya ɗauki hoto a Hawan Salla a Azare zai gamu da matsala biyu da ƙasarmu ta saba da su. Ta farko, rana mai ƙarfi a kan farar riga da farin rawani. Kyamara takan ruɗe, ko dai ta ƙone farin har ɗinkin rigar ya ɓace, ko ta duhunta fuskar mahayin. Maganinsa shi ne a rage hasken wurare masu haske kaɗan, a ɗaga na wurare masu inuwa, kowanne da ma'auninsa. Amma in farin ya ƙone ƙurmus tun wurin ɗauka, babu manhajar da za ta dawo da ɗinkin da ba a kama ba. Saboda haka gara a ɗauki hoton da ɗan duhu.

Ta biyu, hazon hunturu da ƙurar dawaki, waɗanda suke sa hoto ya yi fari-fari kamar an yayyafa masa gari. A nan sai a ƙara bambanci tsakanin haske da duhu kaɗan. Kada a kore ƙurar gaba ɗaya, domin ita ma tana cikin labarin ranar.

Kuskuren da masu koyo suka fi yi shi ne wuce gona da iri. Sai a ƙara launi har jan alkyabba ya koma kamar wuta, ko a goge fuska har ta zama kamar ta roba. Wasu kuma sukan mayar da baƙin mutum fari, suna ganin sun kyauta masa. Wannan ba gyara ba ne, raina halitta ne. A tuna da wanda ya je neman gira ya rasa ido. In an gama, a kwatanta da na asali. In dangin mutum za su yi jinkirin gane shi, an yi ɓarna.

6. Aiki na uku: tsara zayyana

Zayyana ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Almajirin da ya sauke Alƙur'ani ana yi wa allonsa zayyana. Magina suna zana dagi a fuskar soro, maɗinka suna fitar da aska biyu da aska takwas a gaban riga, mata suna tsara zanen hula da na faifai. Mai tsara katin ɗaurin aure ko sanarwar gasar ƙwallo a kan kwamfuta magajin waɗannan ne, kuma zai fi burgewa in ya ɗebo daga gare su maimakon ya cika aikinsa da furannin ƙasashen da bai taɓa gani ba. Yana iya ɗaukar hoton zanen hula ko na bango, ya bi layinsa a Inkscape, ya sami adon gefe na kansa.

Ga ƙa'idoji kaɗan. A fara da tambaya: mene ne abu ɗaya da ake so mai dubawa ya fara gani? In sanarwar taro ce, sunan taron da rana da wuri su ne za su fi girma. Kada a wuce salon rubutu biyu, kada a wuce launi uku. A sa rubutu mai duhu a kan fili mai haske, ko mai haske a kan mai duhu. A bar sarari a gefe, don wuƙar maɗaba'a tana cin baki.

A kula da haruffanmu masu ƙugiya: ɓ da ɗ da ƙ. Salon rubutu da yawa ba su da su, sai su fitar da akwati a gurbinsu, ko mai tsarawa ya gaji ya sa b da d da k. Bambancin ba ƙarami ba ne, domin kafa daban take da ƙafa, baki daban yake da baƙi. Salon Noto da Andika da Charis suna ɗauke da waɗannan haruffa, kuma kyauta ne. Mai rubuta ajami ya tabbata manhajarsa tana tafiyar da rubutu daga dama zuwa hagu, tana kuma haɗa baƙaƙe yadda ya kamata, sa'an nan ya kai wa malami ya duba kafin a buga.

Har ila yau, launin da ake gani a fuskar na'ura haske ne, na takarda kuwa tawada ce iri huɗu: shuɗi mai haske, ja mai ruwan hoda, rawaya da baƙi. Don haka abin da ya yi ƙyalli a waya yakan ɗan dushe a takarda. A nemi a buga gwaji ɗaya kafin a ba da umurnin ɗari biyar.

7. Inda gyara ya ƙare, ƙarya ta fara

Sauya hoto don yaudara ya girmi kwamfuta. A tsohuwar Tarayyar Sobiyat, bayan da aka kashe Nikolai Yezhov a 1940, an share shi daga hoton da yake tsaye kusa da Stalin, kamar bai taɓa rayuwa ba. A 1982 mujallar National Geographic ta Amurka ta matso da manyan dalar Masar guda biyu kusa da juna don su shiga bangonta, ta kuwa sha suka. Abin da a da sai gwamnati ko babban kamfani ke iyawa, yau yaro yana yinsa a waya cikin minti biyar.

Mu ma a nan gida mun ga illar hoton ƙarya. A watan Nuwamba na 2018 wani bincike na BBC ya nuna cewa wasu hotuna masu tayar da hankali da aka yaɗa a Facebook lokacin rikicin Jihar Filato na watan Yunin shekarar ba a can aka ɗauke su ba, amma sun ƙara rura wutar gaba. A watan Yulin wannan shekara ne Ma'aikatar Watsa Labaru da Al'adu ta Tarayya ta ƙaddamar da yaƙi da labaran ƙarya a faɗin ƙasa. A lura cewa hoto yana iya yin ƙarya ko ba a taɓa ɗigonsa ɗaya ba. Ya isa a sauya masa suna da wuri da rana.

Yanzu kuma ga manhajoji masu ƙirƙirarriyar basira, waɗanda suke fayyace hoton da ya dushe ko su sa wa fari da baƙi launi cikin ƙiftawar ido. Ya kamata a san cewa ba tono abin da ya ɓoye suke yi ba, cankar sa suke yi daga dubban fuskokin da aka horar da su a kai. Suna iya sauya hanci, su share zanen gado na fuska, su ba riga launin da mai ita bai taɓa sawa ba. Wanda ya yi amfani da su ya rubuta a jikin hoton cewa na'ura ce ta ƙara launi, ya kuma ajiye na asali kusa da shi.

Ma'aunin mai sauƙi ne. Duk gyaran da zai taimaki mai kallo ya ga abin da ya faru sosai, halal ɗin sana'a ne. Duk wanda zai sa shi ya gaskata abin da bai faru ba, ha'inci ne, sai fa in an bayyana a fili cewa zane ne ko wasa.

Doka ma ba ta yi shiru ba. Dokar Laifuffukan Intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta tanadi tara ko ɗauri ga mai aika hoton batsa, da mai yaɗa abin da ya san ƙarya ne don tayar da fitina ko jefa rai cikin haɗari. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ta kare aikin mai ɗaukar hoto da mai zane, saboda haka ganin hoto a intanet bai mayar da shi na kowa ba. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta shafi yadda ake sarrafa bayanan mutane, hotonsu kuwa yana ciki. Sauya suna ko maki a takardar shaidar makaranta, ko ƙirƙirar rasidin banki, ko kwaikwayon takardar kuɗi, jabu ne, ko da aboki ne ya roƙa. Ban da doka akwai mutunci: kada a yaɗa hoton matar aure ko budurwa ko yaro ba da izini ba, wanda kuma ba ya son a ɗauke shi hoto saboda addini ko ra'ayinsa, a girmama shi.

Abubuwan tunawa

(a) A ajiye hoton asali, a yi aiki a kan kwafi.
(b) Kowane gyara a kan fallensa.
(c) Kaɗan ya isa. Kada a sauya kamannin mutum ko launin fatarsa.
(d) A rubuta suna da wuri da shekara.
(e) A nemi izini kafin a yi amfani da hoton wani ko aikin wani.
(f) In ba a tabbatar da asalin hoto ba, kada a tura shi gaba.

Tambayoyi da aikin yi

1. Ɗigo nawa ake bukata don wanke hoto mai inci 5 da inci 7, in ana son 300 a kowane inci?
2. Mene ne bambancin hoton ɗigo da zanen layi? Da wanne za ka yi tambarin ƙungiyarku?
3. Wani ya kawo maka hoton taron dangi, ya ce ka share ɗan'uwansa da suka ɓata. Me za ka ce masa?
4. A cikin wannan mako ka nemi hoto mafi tsufa a gidanku, ka ɗauke shi yadda aka bayyana a kashi na huɗu, ka je wurin wanda ya fi kowa shekaru ka rubuta sunayen waɗanda ke ciki tun yana nan da zai faɗa maka.

Wanda ya karanta wannan darasi ya karanta wa na kusa da shi. Allah ya sa mu yi amfani da abin da muka koya ta hanyar da ta dace, amin.